Goma Sha Ɗaya

A Valparaíso gidaje kan hau dutse kamar awaki.
Asibitinmu na tsakiyar hawan,
tagoginsa na kallon jiragen ruwa.
Shekara goma sha tara ina ƙirga auduga a ɗakin tiyata.
Aikina ke nan:
abin da ya shiga cikin mutum, in ga fitowarsa.

Daren Talata aka kawo Eulogio Carrasco,
masunci, tafinsa duk kanta saboda igiyar taru.
Maɗaciya ce, aikin awa guda.
Kafin allurar barci ta ɗauke shi
ya tambaye ni ko gobe za a yi iska.

Goma sha biyu na miƙa.
Goma sha ɗaya na karɓa.
Na sake ƙirgawa, na zazzage bokiti,
na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gado.
Na ce, "Likita, ɗaya ba ta fito ba."
Dakta Baeza bai ɗago kai ba.
Tun safiyar Litinin yake tsaye,
mutum uku na jira a baranda, ɗaya jini na zuba.
Ya ce, "Ƙirgarki ce ta kuskure, Leontina. A ɗinke."
Aka ɗinke.
Na ɗauki biro na rubuta sha biyu,
hannuna ko rawa bai yi ba.
Abin da na kasa yafe wa hannun ke nan.

Bayan sati uku ya dawo da zazzaɓi,
aka ce gajiya ce, aka ba shi ƙwaya.
Ya sake dawowa a bayan ɗansa,
ciki ya kumbura kamar tulu.
Da aka ɗauki hoto, ga ta nan a dunƙule,
ta sha mugunya ta ƙoshi.
Ya cika ran Lahadi, ƙararrawar coci na bugawa.

Matarsa Hortensia ta sayar da kwalekwalen
ta ɗauki lauya.
Shekara huɗu fayil na yawo daga tebur zuwa tebur,
yana ƙiba, ita tana ramewa.
Shugaban asibiti ya kira ni ofis, ya zuba mini shayi,
ya tuna mini saura shekara biyu in yi ritaya,
ya ce baki shi ke yanka wuya.
Na sha shayin.

A kotu lauyan asibiti ya ɗaga takarda sama:
ga lamba, ga sa hannun nas,
takarda ba ta ƙarya, in ji shi.
Hortensia na layin gaba da rigar sanyin mijinta,
ta naɗe hannun rigar sau uku.
Aka rantsar da ni.
Aka ce, nawa kika karɓa?
Na ji auduga a maƙogwarona,
wadda na haɗiye tun daren nan.
Na ce, "Goma sha ɗaya."
Alƙaliya ta cire tabarau, ta ce in maimaita.
Na maimaita.

Doka ma ƙirga take yi:
shekarun da suka rage masa a teku,
kifin da bai kama ba, kuɗin akwatin gawa.
Ta tara, ta ɗebe, ta kira shi diyya.
Aka dakatar da likita, ni aka sallame ni.
An ce yanzu mutum biyu ke ƙirga a ɗakin,
kuma allura ba ta taɓa fata sai lamba ta cika.

Jiya na gangara kasuwar bakin ruwa.
Layinta na shiga, ban san dalili ba.
Ta auna mini kifi, ba gaisuwa, ba harara.
Ta kama hannuna ta buɗe tafin,
ta zuba canji ɗaya bayan ɗaya,
tana ƙirgawa a fili,
har ya cika.